Kufan Maya da rijiyoyin senote: abin da ke bayan dokokin da ke ɗaure wa baƙi kai a Yukatan

A ranar 20 ga Maris, 2025, wani Bajamushe ɗan yawon buɗe ido ya tsallake igiyar da aka kewaye dalar Kukulkan da ita a Cicen Itza, kufan wani tsohon birnin mutanen Maya a kudu maso gabashin Meksiko, ya haye har ƙololuwa. Ranar ce dubban mutane ke taruwa don kallon wata inuwa mai siffar maciji da ke gangarowa ta gefen matakalar dalar. Da jami'an tsaro suka sauko da shi, jama'a suka yi masa ca, masu ihu na yi, masu duka na yi. Ba shi ne farau ba. A Nuwamban 2022 wata mata ta yi irin wannan hawa, aka tarbe ta da watsa ruwa da jan gashi.

Duk lokacin da irin wannan bidiyo ya bazu, tambayoyin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Me ya sa aka hana hawa, alhali akwai tsofaffin hotunan mutane cike da matakalar? Me ya sa a wani kufai ake hawa, a wani a kama mutum? Me ya sa ake biyan kuɗin shiga sau biyu? Kuma in an gama zagaya kufai aka nufi rijiyoyin senote, wato ramukan ruwa na cikin dutse, don yin iyo, me ya sa ake hana shafa man kare fata daga rana, a yankin da gwamnati da kanta ta kafa dubban turakun ƙarfe da kankare cikin kogunan da ruwan ke bi?

Amsoshin suna haɗe da juna, kuma daga ƙarƙashin ƙasa suka faro.

Ƙasar da ba ta da kogi

Yankin Yukatan wani yanki ne na ƙasa da ya kutsa cikin teku tsakanin Tekun Meksiko da na Karibiyan. Jihohi uku na Meksiko ne suka raba shi, wato Yukatan da Kintana Ro da Kampece, sai kuma ƙasar Beliz da arewacin Gwatemala daga kudu. Arewacinsa shimfiɗaɗɗen dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ruwan sama ke narkarwa sannu a hankali. Dutsen ya zama kamar rariya: ruwa ba ya zama a samansa. Shi ya sa mutum zai yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a wannan yanki mai yawan ruwan sama bai ga kogi ko ɗaya ba. Kogunan suna nan, amma a ƙarƙashin ƙasa suke gudu.

Inda rufin ɗaya daga cikin waɗannan koguna ya rufta, ruwan ya bayyana, shi ake kira senote. Wasu a buɗe suke kamar tafki mai gangare, wasu rabinsu a rufe, wasu kuwa sai an bi ta wata 'yar ƙofa an sauka da tsani cikin kogo. Ƙiyasin yawansu yakan fara ne daga 6,000 zuwa sama. A arewa maso yammacin yankin sun jeru a siffar rabin da'ira, kuma masana sun danganta wannan jeri da gefen ramin Cikshulub, inda wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ya faɗo shekaru miliyan 66 da suka wuce, ya bar rami mai faɗin kimanin kilomita 180.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan batu shi ne senote ba rijiya ce mai zaman kanta ba. Taga ce da ke leƙa ruwa guda mai haɗe da juna. A Janairun 2018 masu nutso suka tabbatar da cewa kogunan Sak Aktun da Dos Ohos da ke kusa da garin Tulum a haɗe suke, tsawonsu ya kai kilomita 347. Abin da aka zuba a wannan rami zai iya fitowa a wancan, daga nan ya bi ta ƙarƙashin gaɓa ya faɗa teku, inda jerin duwatsun murjani na biyu mafi tsawo a duniya yake. Wannan ruwa shi ne kuma ruwan famfo da na rijiyar kusan duk mazauna yankin.

Garuruwan da suka tashi a bakin ruwa

Mutanen Maya sun gina manyan birane a wannan yanki tun kafin haihuwar Annabi Isa. Zamanin da aka fi saninsu da shi ya kama daga wajen shekara ta 250 zuwa 900, lokacin da biranen Tikal da Kalakmul suke tashe. Suna da rubutu nasu, da lissafi mai tushe 20 wanda ya san sifili, da kalanda mai bin tafiyar rana da taurari. Bayan da biranen kudu suka watse a ƙarni na 9, sakamakon yaƙe-yaƙe da dogon fari da wasu dalilai da har yanzu ake muhawara a kansu, ƙarfi ya koma arewa: Ushmal, Cicen Itza, daga baya Mayapan da Tulum.

A arewa, wurin da ruwa yake shi ya zaɓa wa gari mazauni. Cicen Itza tana zaune ne tsakanin manyan senote. A tuddan Puk, inda Ushmal take, ruwan ƙasa ya yi nisa sosai, sai mutanen suka riƙa haƙa runbunan ajiye ruwan sama suna shafe su da farar ƙasa.

Senote ba wurin ɗiban ruwa kawai ba ne a wurinsu. Sun ɗauke shi ƙofar lahira da mazaunin Cak, abin bautarsu na ruwan sama. Babbar rijiyar hadaya ta Cicen Itza, mai faɗin kimanin mita 60, ita ce shaida mafi girma. Wani jami'in jakadancin Amurka, Edward Thompson, ya sayi gonar da kufan ke ciki a 1894, ya fara yashe rijiyar a 1904. Ya fito da zinariya da duwatsun ado masu launin kore da turare da ƙasusuwan mutane, manya da yara, ya aika da yawansu gidan tarihi na Peabody a Jami'ar Harvard. Wannan kwasa tana cikin abubuwan da suka sa Meksiko ta tsananta dokokin kare kayan tarihinta. Ba a iyo a wannan rijiya. Inda motocin baƙi ke tsayawa bayan an fito daga kufan shi ne senoten Ik Kil da ke kusa, ko kuma senote na kewayen garin Bayadolid.

A 2015 masu bincike na babbar jami'ar Meksiko, UNAM, suka gano da na'urorin auna ƙasa cewa dalar Kukulkan kanta a kan wani kogo mai ruwa aka gina ta.

Sai dai kalmar "kufai" tana iya ruɗar mai karatu ya zaci mutanen sun ƙare. Ba su ƙare ba. Sifaniyawa sun kafa birnin Merida a 1542, amma birnin Maya na ƙarshe mai cin gashin kansa, Nohpeten a Gwatemala ta yau, bai faɗi ba sai 1697. A 1847 Mayawan Yukatan suka yi tawayen da bai lafa ba sai bayan shekaru fiye da hamsin. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum fiye da 770,000 ke magana da harshen Maya na Yukatan a Meksiko. Su ne masu sayar da kayan sassaƙa a bakin hanya, su ne 'yan rakiya masu bayani, kuma galibi su ne masu filin da senote yake ciki.

Dalilin hana hawa

Dalar Kukulkan tana da tsayin mita 24, da ɗakin bauta na mita 6 a samanta. An ƙirga matakala 91 a kowane ɓangare huɗu, in aka haɗa da dandalin sama sai su zama 365. Matakalar ƙanana ne, gangaren kuma mai tsanani. A farkon 2006 wata dattijuwa 'yar Amurka mai shekara 80 ta zame ta faɗo ta rasu. Daga nan aka fara rufe hawa, zuwa 2008 hanin ya tabbata.

Amma hatsari rabin labarin ne. A 1988 hukumar UNESCO ta sanya Cicen Itza cikin wuraren tarihi na duniya, a 2007 kuma aka zaɓe ta cikin sababbin abubuwan al'ajabi bakwai a wata ƙuri'a ta intanet da wayar tarho. Baƙi suka ƙaru har suka zarce miliyan 2 a shekara. Dutsen farar ƙasa mai laushi ne, tafin ƙafa yana cinye shi. Ga masu rubuta sunayensu a bango, ga gumi da numfashin jama'a da ke lalata fenti a ɗakunan ciki. A cikin dalar akwai wata tsohuwar dala da aka gina wannan a kanta, da kujerar sarauta mai siffar jar damisa. A da ana shiga a gani, yanzu an rufe.

Hukumar da ke yanke wannan hukunci ita ce INAH, hukumar tarihi da nazarin al'adu ta tarayya, wadda aka kafa a 1939 zamanin Shugaba Lazaro Kardenas. Tana aiki da dokar 1972 da ta mayar da duk gine-ginen da suka riga zuwan Sifaniyawa mallakar ƙasa. Dokar ba ta ce kada a hau kowace dala ba. Hukumar ce ke duba kowane gini ta yanke. Shi ya sa a Ek Balam, wadda ba ta da nisa da Bayadolid, baƙi sun daɗe suna hawa babban ginin, a Ushmal kuwa an rufe dalar da ta fi shahara. A Koba an ci gaba da hawan dalar Nohoc Mul mai mita 42 har zuwa 2020, lokacin annobar korona. A Tikal ta Gwatemala an bi wata hanya ta daban: an kafa matakalar katako a gefe, mutum ya hau ya ga daji ba tare da ya taka tsohon dutse ba.

Masu goyon bayan hanin suna cewa gini ɗaya ne, in ya lalace ba a sake shi. Masu ƙorafi, ciki har da wasu 'yan rakiya, suna cewa hawa yana cikin abin da ke jan baƙi zuwa ƙananan kufai da ba su da suna kamar Cicen Itza, kuma rufewa gaba ɗaya hanya ce mai arha ga hukumar da ba ta da isassun masu gadi. Akwai kuma ra'ayi na uku, na wasu Mayawa da ke ganin wurin ibada ne na kakanninsu, ba wurin ɗaukar hoto ba. Ko da yake waɗanda suka yi wa Bajamushen nan ihu, yawancinsu su ma baƙi ne da suka biya kuɗi suka tsaya bayan igiya.

Wa ke da gini, wa ke da fili, wa ke da ruwa

Nan ne ruɗanin ya fi yawa. A wuri guda za a iya samun masu iko huɗu: gwamnatin tarayya, gwamnatin jiha, al'ummar ƙauye da mai fili mai zaman kansa.

Gine-ginen na gwamnatin tarayya ne. Filin da suke kai kuwa ba lallai ba ne. Filin Cicen Itza ya kasance a hannun wani iyali mai harkar otal har zuwa 2010, lokacin da gwamnatin jihar Yukatan ta saya a kan peso miliyan 220, kuɗin Meksiko. Rabuwar iko tsakanin tarayya da jiha ce ta sa baƙo ke biyan kuɗi kashi biyu a manyan kufan jihar: na INAH da na jiha. Na jihar ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma baƙon waje yana biyan fiye da ɗan ƙasa. Ba cuta ba ce daga mai sayar da tikiti, tsari ne.

Sai kuma abin da ake kira ehido, wato filin da al'ummar ƙauye ta mallaka a haɗe. Ya samo asali ne daga sashe na 27 na tsarin mulkin 1917, bayan juyin juya halin Meksiko, inda aka raba manyan gonaki ga manoma. Kufai da yawa a kan irin wannan fili suke. Manoman suna cewa gwamnati tana karɓar kuɗin shiga shekara da shekaru a kan ƙasarsu ba ta biya su diyya ba. Saboda haka mutanen Cablekal suka rufe ƙofar kufan Zibilcaltun, kusa da Merida, na tsawon watanni a 2021. A ƙarshen 2023 mutanen Telcakiyo suka rufe Mayapan. A Janairun 2023 'yan kasuwa da 'yan rakiya da mazauna garin Piste da ƙauyukan kusa suka tare hanyoyin shiga Cicen Itza na kwanaki, suna ƙorafi kan yadda ake tafiyar da wurin. Baƙon da ya iso ya tarar da ƙofa a rufe yakan zaci gyara ake yi, alhali sau da yawa rikicin fili ne.

Batun masu talla a cikin Cicen Itza shi ma tsoho ne. Ɗaruruwan teburan sassaƙa da zane sun jeru a kan hanyoyin cikin kufan. Hukuma tana so a mayar da su kasuwar da aka gina a waje. Su kuma suna cewa motocin kamfanonin yawon buɗe ido suna kawo mutane ne na awa biyu ko uku su kwashe su, wanda ba ya kan hanyar baƙo ba zai yi ciniki ba.

A senote, lamarin ya juye. Ruwan ƙarƙashin ƙasa na tarayya ne bisa wannan sashe na 27, amma ƙofar shiga ta mai fili ce. Mai filin zai iya zama ehido, ko ƙungiyar mutanen ƙauye kamar ta Yokzonot kusa da Cicen Itza inda mata ke kan gaba, ko iyali guda, ko babban kamfani mai wurin shaƙatawa. Tun gyaran dokar 1992 da ya buɗe ƙofar sayar da filin ehido, senote da dama sun koma hannun masu jari daga waje. Don haka babu farashi ɗaya, babu ƙa'ida ɗaya. A nan dole ne a sa rigar ceto, a can ganin dama ne. A nan ana karɓar kuɗin kyamara, a can babu.

Man shafawa da abin da ya fi shi

Kusan duk senote da aka tsara don baƙi yana buƙatar mutum ya watsa ruwa kafin ya shiga, kuma ana hana man kare fata daga rana, da man korar sauro, da turare. Dalilin na gaskiya ne. Ruwan senote ba ya sauyawa da sauri kamar na teku, sai mai ya yi yanar kitse a samansa. Wasu sinadaran da ke cikin irin wannan mai an nuna suna cutar da murjani da ƙananan halittun ruwa, abin da ya sa jihar Hawaii ta Amurka ta hana sayar da guda biyu daga cikinsu tun 2021. A cikin kogunan akwai kifaye makafi da ƙananan jatan lande da ba a samun su a ko'ina sai nan. Haka kuma ake hana taɓa duwatsun da ke reto daga rufin kogo, domin sukan ɗauki dubban shekaru kafin su kai tsawon hannu.

Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma masu nazarin ruwan yankin ba man shafawa suke sa wa a gaba ba. Abu na farko shi ne bahaya. A 1970 jihar Kintana Ro ta yau ba ta kai mutum 90,000 ba. A wannan shekara gwamnati ta fara gina Kankun a matsayin garin yawon buɗe ido. Zuwa 2020 mazauna jihar sun haura miliyan 1.8, ban da miliyoyin baƙi. Magudanar ƙazanta ba ta bi wannan girma ba. Gidaje da ƙananan otal-otal da yawa, musamman a Tulum, sun dogara ne da ramin sokawe, galibin gidajen Merida ma haka. A ƙasa mai laka, rami irin wannan yana tace ƙazanta kafin ta isa ruwa. A dutsen farar ƙasa babu abin da ke tacewa. A 2022 jami'an lafiya sun samu ƙwayoyin cuta na bahaya fiye da kima a wasu sanannun senote na kusa da Tulum. Ruwan yana nan garau ana ganin ƙasansa, ido ba ya nuna komai.

Abu na biyu shi ne manyan gonakin aladu. Wani rahoton ƙungiyar Greenpeace na 2020 ya ƙirga 257 a yankin, ya ce 22 kaɗai ke da takardar nazarin illa ga muhalli. Shari'ar da ta fi shahara ita ce ta garin Homun, wanda mutanensa suka dogara da kai baƙi senote. An gina gonar aladu 49,000 a kusa da su. Wasu yara shida na garin suka shigar da ƙara ta hannun iyayensu, alƙali ya dakatar da gonar a 2018, Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da dakatarwar a Mayun 2021. Masu kare masana'antar suna nuna ayyukan yi da kuɗin fitar da nama waje, suna cewa manyan gonaki suna tace ruwansu. Mutanen Homun suna cewa kuskure ɗaya ya isa ya rufe musu hanyar abinci.

Matsin lamba kan senote ya ƙaru ta wata hanya da ba a yi tsammani ba. Tun 2015 ciyawar teku mai wari ke taruwa tuli-tuli a gaɓar Karibiyan a watannin zafi. In bakin teku ya ɓaci, otal-otal sai su tura baƙinsu senote.

Jirgin ƙasa a kan kogo

Babu abin da ya raba kan jama'a kamar Tren Maya, layin dogo mai tsawon kilomita 1,554 da ya ratsa jihohi biyar. Shugaba Andres Manuel Lopez Obrador ne ya ƙaddamar da aikin a 2020. An buɗe kashin farko, daga Kampece zuwa Kankun, a Disamban 2023, aka kammala layin a Disamban 2024 ƙarƙashin Shugaba Claudia Sheinbaum. Kamfanin sojoji ne ke tafiyar da shi.

Hujjar gwamnati tana da nauyi. Kudu maso gabashin Meksiko ya daɗe a baya wajen raba arziki. Kuɗin yawon buɗe ido ya taru ne a bakin teku, ɗan ƙauye sai dai ya bar gida ya je Kankun wankin kwano ko aikin gini. Jirgin zai kai baƙi garuruwan ciki da kufan da ba a zuwa. Tare da aikin an gudanar da gagarumin haƙar ceto kayan tarihi a kan hanyar, aka rubuta dubban gine-gine, aka gyara kufai da dama, aka buɗe wani sashe na Cicen Itza da ake kira tsohon Cicen a 2023, da sabon gidan tarihi a 2024.

Masu adawa sun fi mayar da hankali ne kan kashi na biyar, tsakanin Kankun da Tulum. Da farko layin zai bi gefen babbar hanya ne. A farkon 2022, bayan ƙorafin masu otal da cunkoson da aikin ya jawo, aka karkatar da shi cikin daji, daidai kan yankin da kogunan ƙarƙashin ƙasa suka fi yawa. Don kada ƙasa ta rufta, aka ɗora dogon layin a kan gada, gadar kuma a kan dubban turakun ƙarfe da kankare da aka huda cikin dutse. Masu nutso sun ɗauki hotunan turakun da suka ratsa rufin koguna suka sauka cikin ruwa, da kankaren da ya zube, da tsatsa. Alƙalai sun ba da umarnin dakatar da aiki fiye da sau ɗaya, gwamnati ta ayyana shi a matsayin batun tsaron ƙasa ta ci gaba. An sare miliyoyin itatuwa, bayan alkawarin da aka yi tun farko cewa ba za a sare ko ɗaya ba. Kuɗin da aka ƙiyasta ba zai wuce peso biliyan 150 ba, sai da ya ninka fiye da sau uku.

Kan yardar jama'a ma akwai magana biyu. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta Disamban 2019, kashi 92 cikin ɗari na waɗanda suka fito sun amince, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 3 cikin ɗari na masu rajista ba. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya a Meksiko ya ce tuntuɓar 'yan asalin yankin ba ta cika ƙa'idojin duniya ba, domin an fi faɗa musu amfanin aikin fiye da illarsa. Duk da haka, ba daidai ba ne a ce Mayawa sun ƙi jirgin. Al'ummomi da yawa sun so shi, wasu sun karɓi diyyar fili, wasu sun kai ƙara. A 2025 ministar muhalli Alicia Barcena ta amince a fili cewa kashi na biyar ya yi ɓarna, ta yi maganar shirin gyara. Fasinjoji dai har yanzu ba su kai yadda aka yi hasashe ba, wani ɓangare saboda tashoshi da dama suna nesa da tsakiyar garuruwa, kuma baitulmali ne ke cike giɓin kuɗin tafiyar da shi.

Idan aka jera waɗannan, za a ga dokokin da suka fi aiki su ne masu sauƙin tilastawa. Mai gadi ɗaya ya isa ya hana mutum hawa dala ko shiga ruwa da mai a jiki. Tilasta wa otal ko gona ko aikin gwamnati yana buƙatar masu bincike da kotu da shekaru.

Abin da zai iya biyo baya

Ga mazauna yankin, abin da ke cikin haɗari shi ne ruwan sha. Iyali mai hali yana sayen ruwan gora, na ƙauye yana sha ne daga rijiya. In senote ya gurɓace har aka rufe shi, mai kamfani yana da wani wurin da zai kai baƙinsa, ƙungiyar ƙauye kuwa ramin nan guda shi ne jarinta. Haka kuma shigowar sojoji harkar yawon buɗe ido ta sauya lissafi. Su ke riƙe da jirgin, da filin jirgin saman Tulum da aka buɗe a Disamban 2023, da wasu otal-otal kusa da kufai, da gandun da ya kewaye kufan Tulum. 'Yan kasuwar Tulum sun yi ta kukan cewa ƙarin kuɗin shiga wannan gandu ya toshe hanyar zuwa bakin teku ya kori baƙi. Hukumomi suna amsa cewa da ba a killace wurin ba, da gine-gine sun cinye shi.

Ga matafiyi, tafiyar tana ƙara tsada da ƙa'idoji. Jihar Kintana Ro tana karɓar harajin baƙin waje tun 2021. Jirgi maras matuƙi da kayan ɗaukar fim na sana'a suna buƙatar izini a kufai. Ko an buɗe wani wuri ko an rufe shi, ko ana hawa ko ba a hawa, abu ne da ke sauyawa, sai an bincika dab da tafiya. A ruwa, maimakon mai, riga mai dogon hannu ita ake ba da shawarar a sa, kuma yawancin senote suna da inuwa. Ruwan yana da sanyi, wajen digiri 25, wasu ramukan kuma zurfinsu ya wuce mita 40 ba tare da tudun da za a taka ba, don haka rigar ceto ba ado ba ce ga wanda bai ƙware a iyo ba. Shiga cikin kogo inda hasken rana ba ya kai wa sana'a ce daban mai horo na musamman, kuma an rasa rayuka a cikinta. Bayan ruwan sama mai yawa ƙazanta takan gangara cikin ramuka, ga mai ciwo a buɗe ko ƙaramin yaro wannan abin lura ne.

Mai fasfo na Najeriya ko Nijar ko Gana yana buƙatar bizar Meksiko, sai dai in yana da biza mai aiki ta Amurka, Kanada, Birtaniya, Japan ko ƙasashen Shengen, wadda Meksiko ke karɓa a madadin tata. Jami'in shige da fice a filin jirgi shi ke da maganar ƙarshe, kuma yakan nemi ganin tikitin komawa da shaidar masauki.